Kalmomin Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Gana: Abin da Fatake da Iyalansu Ya Kamata Su Sani

Bara, bayan babbar salla, wasu 'yan uwa biyu suka zo mini da wata takarda a naɗe cikin leda. Ƙaninsu yana safarar albasa ne daga Nijar zuwa Kumasi. Ya yi kwana biyar bai runtsa ba, yana ta zuba magana ba ƙaƙƙautawa, yana raba kuɗin jari ga duk wanda ya gitta, har ta kai ya ɗaga wa direban motarsu ƙarfe. Suka kai shi asibiti, aka riƙe shi, aka miƙo wa babban wan takarda ya dangwala. Da na tambaye shi abin da takardar ta ƙunsa, sai ya ce: "Malama, Turancin Ingilishi ne. Ni ɗan abin da na sani Faransanci ne, shi ma na kasuwa."

Tambayoyi uku suka zo da su. Har yaushe za a riƙe yaron? Wa ke da iko da kuɗinsa da ke hannun dillali? Shin za su iya ɗauke shi su koma gida? Amsoshin suna cikin wasu 'yan kalmomi da doka ta ba su ma'ana ta musamman, wadda sau da yawa ta sha bamban da yadda muke faɗinsu a rumfa ko a tsakar gida. Su zan warware a nan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikin lauya ba nawa ba ne, amma waɗannan kalmomi kullum muna cin karo da su a bakin aiki.

Dokar da ake magana a kanta ita ce Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta ƙasar Gana, mai lamba 846, wadda majalisa ta zartar kuma Shugaba John Atta Mills ya sa wa hannu a 2012. Ta maye gurbin wata dokar soja ta 1972, wadda ita ma ta gaji dokar 'yan mulkin mallaka ta 1888. Tsofaffin dokokin nan babban burinsu shi ne a kawar da mai taɓin hankali daga idon jama'a a kulle shi. Sabuwar ta kafa Hukumar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa, da wata kotu ta musamman mai bitar lamarin waɗanda aka tsare, da kwamitocin ziyara masu zagaya wuraren jinya. Kuma tana aiki a kan duk wanda ciwo ya same shi a cikin ƙasar, ko ɗan Zangon Kumasi ne, ko baƙon da ya sauka jiya daga Galmi ko Sakkwato.

Me doka ke nufi da taɓin hankali?

A bakinmu kalmar "mahaukaci" tana da faɗi ƙwarai. Mai yawo tsirara a tasha mahaukaci ne, matar da ta ƙi zaman aure an ce ta haukace, saurayin da ya bar sana'ar gidansu shi ma haka. Doka ta ƙuntata ma'anar. A wurinta, ciwon ƙwaƙwalwa shi ne rikicewar tunani, ko magana, ko yanayin zuciya, ko yadda mutum ke ji da gani, ko sanin inda yake da lokacin da yake ciki, rikicewar da ta kai matsayin da masanin lafiya zai kira ta cuta, kuma tana jawo wa mai ita wahala ko tana hana shi gudanar da rayuwarsa ta yau da kullum.

Daga nan sai dokar ta ƙara wani sharaɗi da nake so kowane magidanci ya riƙe: saɓa wa al'adar jama'a kaɗai, idan hankalin mutum da ayyukansa ba su rikice ba, bai zama ciwo ba. Wato taurin kai, ko rashin kunya, ko ƙin bin ra'ayin dangi a kan aure ko gado, ba su isa a kai mutum asibiti a ce a kulle shi ba. Na taɓa ganin iyalin da suka so a riƙe wata bazawara don ta ƙi sayar da gidan da mijinta ya bar mata. Likita ya zauna da ita, ya sallame ta a ranar, kuma daidai ya yi.

Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan haɗari, wanda ba na doka ba ne, na jinya ne. Mutumin da yake lafiya ƙalau jiya, yau ya tashi yana sambatu da zazzaɓi, ko wuyansa ya sanƙare, ko yana da ciwon sukari, ko ya faɗi daga kan lodi ya bugu a kai, wannan a garzaya da shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da faɗuwar sukari a jini duk suna kama da hauka, kuma suna kisa cikin ɗan lokaci in an tsaya ana neman mai hayaƙi. Farfaɗiya ma ba taɓin hankali ba ce, ko da yake a Gana ma'aikatan wannan sashe ne suka fi ba da maganinta, abin da ke sa wasu iyaye jin kunyar kawo 'ya'yansu. Haka nan a gaya wa likita gaskiya idan yaro yana shan tiramol ko wiwi. Ɓoyewa ba ta rufa wa kowa asiri, sai dai ta ɓatar da likita.

Ikon yanke shawara, da yarda bisa sani

Wannan ita ce kalmar da ta fi kowace nauyi a dokar, kuma ita ce iyalai suka fi tsallakewa. Ikon yanke shawara yana nufin mutum ya iya fahimtar abin da ake magana a kai, ya kuma ƙulla niyya game da shi. Doka ta ce kowane mutum, har da wanda aka tabbatar yana da ciwon ƙwaƙwalwa, ana ɗaukarsa yana da wannan iko har sai an tabbatar da akasin haka da hujja ƙwaƙƙwara. Nauyin kawo hujja yana kan mai cewa babu hankali.

A aikace, ikon nan yana zuwa yana tafiya, kuma yakan bambanta daga wani al'amari zuwa wani. Ɗan albasan da na ambata, a makon da ciwon ya taso masa, ba zai iya lissafin buhu goma ba. Bayan wata biyu yana shan magani, ya fi yayyensa sanin farashin kasuwa. Dattijon da mantuwa ta kama zai iya kasa riƙe lissafin shago, amma ya san sarai wace 'yarsa yake so ya zauna a wurinta. Saboda haka katin asibitin ƙwaƙwalwa da aka gani a aljihun mutum ba ya soke cinikinsa, ba ya kuma ba ɗan uwansa damar karɓar kuɗinsa a wurin dillali.

Yarda bisa sani ta ginu ne a kan wancan. Doka tana nufin amincewar da mai ikon yanke shawara ya bayar da son ransa, ba tilas, bayan an bayyana masa mene ne maganin, me zai iya biyo baya, da kuma wasu hanyoyin da ake da su. Dangwala hannu a kan takardar da ba a karanta maka ba bai cika wannan sharaɗi ba. Kada kunya ta hana ku cewa a fassara muku da Hausa ko da harshen da kuke ji. A garuruwa irin su Kumasi, Tamale da Bawku da wuya a rasa mai jin Hausa a cikin ma'aikata ko masu jinya. Mara lafiya yana da haƙƙin sanin sunan ciwonsa da tsarin maganinsa. Ku tambayi illolin maganin ma. Wasu tsofaffin magunguna irin su haloperidol sukan sa jiki ya sanƙare, hannu ya yi rawa, miyau ya yi ta zuba. Iyalai da yawa suna ganin haka sai su ce asibiti ta ƙara lalata shi, su jefar da magani, alhali akwai ƙwayar da ke warware wannan, ko a rage yawan maganin.

Ƙofofin shiga asibiti

Duk wanda ke kwance a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, ta ɗaya daga cikin ƙofofi uku ya shiga, kuma kowace tana da nata wa'adin. Tambayar farko da za ku yi wa ma'aikacin jinya ita ce: ta wace ƙofa aka karɓi ɗan uwanmu?

Ta farko ita ce kwanciya da son rai. Mutum ya zo da ƙafarsa, ko an rako shi, ya yarda a kwantar da shi. Irin wannan ba a yi masa magani sai da amincewarsa, yana kuma da damar ƙin wani magani. In ya nemi sallama, doka ta ce a sallame shi cikin awa 24, sai fa idan a wannan lokacin halinsa ya kai matsayin da za a riƙe shi dole.

Ta biyu ita ce takardar gaggawa. Idan abin ya zo da zafi, babu lokacin zuwa kotu, ɗan sanda ko ɗan uwa ko ma wani mutum daban zai iya kai mara lafiya asibiti, likita ya duba shi, in ya ga hali ya kai, ya rubuta wannan takarda. Ƙarfinta awa 72 ne, wato kwana uku. Kafin su cika, ko dai a sallame shi, ko ya yarda ya zauna da son ransa, ko kuma a nemi izini bisa doka na ci gaba da riƙe shi. Takardar da 'yan uwan nan suka kawo mini ta wannan ƙofa ce. Babban wan ya dangwala ne a matsayin wanda ya kawo mara lafiya, ba wai ya sallama ƙaninsa ga hukuma ba kamar yadda ya kwana yana tsoro.

Ta uku ita ce tsarewa bisa umarnin kotu, kuma a nan doka ta tsaurara. Samun ciwo kaɗai bai isa ba. Dole ciwon ya zama mai tsanani, sannan ya kasance mutumin yana da haɗari ga kansa ko ga wasu, ko kuma akwai fargaba mai ƙarfi cewa halinsa zai ƙara taɓarɓarewa ƙwarai in ba a yi magani ba. Mai neman umarnin zai yi bayani bisa rantsuwa, ya kuma zo da shaidar masana biyu: likita ɗaya da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa ɗaya. In kotu ta gamsu, umarninta ba ya wuce wata 1. Idan likita ya ga ana bukatar ƙarin lokaci, sai ya kai maganar gaban kotun bita da na ambata, ita ma abin da za ta ƙara ba ya wuce wata 12 a lokaci guda, kuma za a sake duba lamarin a tsakani. Mara lafiya ko danginsa suna da damar ɗaukaka ƙara.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ke rubuce da abin da ke faruwa ba kullum suke haɗuwa ba. Ma'aikata sun yi kaɗan, kotuna suna da cunkoso, kuma manyan asibitocin ƙwaƙwalwa guda uku na ƙasar duk a kudu suke: na Akra da aka buɗe a 1906, na Ankaful a 1965, da na Pantang a 1975. Mutumin arewa sai dai ya dogara da sassan da ke cikin asibitocin koyarwa na Tamale da Kumasi, da ma'aikatan jinyar ƙwaƙwalwa da ke asibitocin gundumomi. Duk da haka, na lura iyalin da suka san wa'adin awa 72 da na wata 1, suka kuma tambaya cikin ladabi, ana saurin duba takardunsu fiye da waɗanda suka ajiye mara lafiya suka juya.

Waliyyi, da maganar dukiya

A al'adarmu, da zarar ciwo ya kama mutum, babban wa ko kawu yakan karɓi makullin shago, kowa ya ga daidai ne. Sau da yawa da kyakkyawar niyya ake yi, kuma ba don haka ba da jari ya salwanta. Amma a idon doka, waliyyi shi ne wanda kotu ta naɗa bayan masana lafiya sun auna mara lafiya sun tabbatar ba zai iya tafiyar da al'amuransa ba. Ɗan uwa zai iya nema, jami'in jin daɗin jama'a ma zai iya. Wanda aka naɗa wajibi ne ya riƙa shawartar mara lafiya gwargwadon hali, ya yanke abin da shi mai dukiyar zai zaɓa da yana cikin hayyacinsa. Naɗin ba na dindindin ba ne, doka ta ce a riƙa sake duba shi.

Na san ba kowane mai tebur a kasuwa zai je kotu a kan buhu ashirin ba. Shawarar da nake ba iyalai ita ce, in lalura ta sa wani ya riƙe dukiyar mara lafiya, a ƙirga komai a gaban shaidu, a sa sarkin kasuwa ko shugaban 'yan albasa ko limami a ciki, a rubuta, kada kuma a sayar da abin da ba ya lalacewa. Albasa tana ruɓewa, dole a sayar a ajiye kuɗin. Fili da gida da rumfa kuwa su jira mai su ya warke, ko kotu ta yi magana. Babu abin da ke mayar da mutum cikin ciwo kamar ya fito asibiti ya tarar an raba abin da ya tara.

Dokar ta kuma hana mai gida ya kori ɗan haya, ko ubangida ya sallami ma'aikaci, don kawai ciwon ƙwaƙwalwa ya same shi. Bayanan ciwonsa sirri ne, ma'aikacin lafiya ba shi da damar baza su ga maƙwabta ko abokan ciniki.

Ɗauri da mari

Doka ta yi magana a kan killace mara lafiya a ɗaki shi kaɗai da kuma ɗaure shi. Ta halatta su ne a ƙuntataccen yanayi: lokacin da haɗari ya gabato ga shi kansa ko ga wasu, kuma maganin kwantar da hankali bai samu ba ko bai dace ba. Sai da izinin babban ma'aikaci, sai an rubuta a takardar jinya, kuma an hana yin su don horo ko don ma'aikata su huta. Sarƙa a gindin bishiya wata da watanni, ko mari a ɗakin baya, ko hana abinci da sunan korar iska, babu ɗayansu da ya shiga wannan ma'ana. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2012 a kan ɗaurin da ake yi a sansanonin addu'a na Gana, kuma a 2017 Hukumar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta shelanta haramcin ɗaure marasa lafiya da sarƙa. Tauye haƙƙin mai wannan ciwo laifi ne da ke jawo tara ko ɗauri.

Ban taɓa ganin uwar da ta ɗaure ɗanta don ƙiyayya ba. Gajiya ce da tsoro, da rashin sanin inda za a nufa. Dokar ma ba ta hana kowa zuwa wurin malami ko mai maganin gargajiya ba. Ta san da zamansu, tana neman a yi aiki tare da su. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da ƙwayar asibiti. Abin da nake roƙo shi ne, duk wanda ya ce muku sai an daina maganin likita, ko sai an yi duka, ko sai an sa mari kafin aikinsa ya ci, ku ɗauke ɗan uwanku daga wurinsa. Na wanke gyambon sarƙa a ƙafafun mutane fiye da yadda nake son tunawa, wasu har ƙafar ta shanye.

Idan an ƙetare iyaka

Kowace ƙasa da tata dokar. Umarnin kotun Gana ba ya bin mutum zuwa Togo, Burkina Faso, Nijar ko Nijeriya, naɗin waliyyi ma haka. Nijeriya ta yi tata sabuwar dokar, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958 mai asali tun 1916. Manufarsu ta yi kama, amma wa'adodi da hanyoyin ba lalle su zo ɗaya ba, don haka kada a ɗauki lissafin awa da wata na wannan takarda a kai shi Kware ko Dawanau. Wani bambancin da ya kamata a sani: a 2023 majalisar Gana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, saboda haka wanda ya sha guba a kai shi asibiti kai tsaye, a faɗi abin da ya sha, ba tare da tsoron za a gurfanar da shi ba. Tsofaffin dokokin laifi na Nijeriya kuwa sun ɗauke shi laifin da ɗaurinsa kan kai shekara 1. Ko a ina ne dai, ceton rai ake fara yi.

Game da tambayar 'yan uwan nan ta uku, wato ɗauke shi zuwa gida: muddin yana ƙarƙashin takardar gaggawa ko umarnin kotu, ba a fitar da shi sai da sallamar likita ko ta kotu. In da son ransa yake kwance, shi ne zai nemi sallama, ba su ba. A rana ta uku ƙanin nasu ya samu barci, ya yarda ya ƙara zama, ya yi kusan mako uku kafin a sallame shi.

Kafin irin wannan tafiya, ku nemi takardar sallama mai ɗauke da sunan ciwon, da sunan maganin na asali, ba sunan kamfani ba, domin sunayen kamfani suna canzawa daga kantin Gana zuwa na Nijar. A rubuta yawan abin da yake sha, da ranar da aka yi masa allura ta ƙarshe in yana karɓar ta wata-wata. Ku ɗauki hoton takardar a waya, ku riƙe maganin a cikin kwalinsa saboda masu bincike a kan iyaka, ku tanadi wanda zai kai shi aƙalla wata guda. Kada ya yi doguwar tafiyar dare a kan lodi shi kaɗai, domin rashin barci yana cikin abubuwan da ke tayar da irin ciwonsa. In kun isa, a cikin makon farko ku kai takardar asibitin gundumarku a buɗe masa kati, tun maganin da ke hannu bai ƙare ba.